Kara na Bakwai

Bilkisu ce ta jawo wannan babi, ita kuwa ba ta ma san ta jawo ba. Da ta zo gida da babbar sallar bara, ta zauna kusa da ni a kan tabarma ta buɗe kwamfutarta, wai sai na ga aikin da ake biyanta albashi a kansa a Kano. Allo ne guda, ta ce a ofishinsu dashbod suke ce masa, an cika shi fal da zane: ga wani kamar waina an yayyanka ta, ga wani layi yana hawa yana gangarowa, ga taswira wani gefen ja wani gefen kore. Ta ce manyansu ba su da lokacin karanta takarda, kallo ɗaya suke yi wa allon su yanke magana. Ni duk waɗannan ba su ɗauke min hankali ba. Idona ya tsaya a kan wasu sanduna shuɗɗa da aka jera, dogaye da gajeru, da wani guntu ƙwarai a tsakiyarsu. Na sa yatsa a kansa na ce, wannan na gidan wa ne? Yarinyar nan ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba ke nan! Ba gidan kowa ba ne, lamba ce kawai."

Na ce to madalla. Amma ranar ko furar da aka dama min ban iya shanyewa ba.

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin tsofaffin garin nan suna kirana Malam Mai Kara, kuna jin cewa ni na jawo wa gari hatsin agaji a shekarar yunwa. Kun kuma taso kuna tambaya me ya sa 'ya'yan Baffanku Hamisu suke can wajen Watari, ba sa zuwa sai an yi rasuwa, in sun zo ɗin ma ba sa kwana. Mahaifiyarku Rabi, Allah ya jiƙanta, takan ce muku noman rani ne ya kai su. Asirina take rufawa. Waɗannan abubuwa biyu labari ɗaya ne, kuma gara ku ji shi daga bakina tun ina da sauran numfashi.

Shekarar ita ce ta biyu a jere da ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Ba sai na faɗi lambarta ba, duk wanda ya kai shekaruna a ƙasar Tsanyawa ya san wadda nake nufi. Ina koyar da lissafi a firamaren garinmu, Kabiru yana rarrafe, Bilkisu ko labarinta babu. Ƙasarmu kun san ta, gona na jikin gona, babu dajin da mutum zai faɗa ya samo abin kai wa baki. In rumbu ya ƙare, to ya ƙare. Kafin bazara ta raba an sayar da awaki, an sayar da tumaki, an koma dusa da ganyen tafasa. Kasuwar Tsanyawa ta zama wurin kallo: ka je ka tambayi tiyar gero, a faɗa maka, ka ce Allah ya kawo kasuwa, ka dawo da buhunka a naɗe a hammata.

Yaya Hamisu ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya tsaya kai da fata lokacin da dangi suka ce a cire ni daga makaranta a mayar da ni gona, shi ya yanka min fili a jikin gidansa na yi gini. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, in ya yi tari ina ji. Manomi ne na gaske, rumbu uku gare shi, in ya kira gayya har daga ƙauyukan kusa ake zuwa. A farin shekarar farko rabin unguwarmu a wurinsa suka samu iri da na ci, kuma ban taɓa ganin ya auna ba, sai dai ya ce wa mutum ɗebi. Kowa a garin ya saki jiki cewa gidan Hamisu ba ya rasawa. Ni ma haka na ɗauka, ni da nake koya wa yara ɗebewa a allo.

Kullum da la'asar hayaƙi yakan tashi daga gidansa kamar na kowa. Bayan magariba ya fito ƙofar masallaci yana sakace, yana tsokanar Baba Tanko wanzami. Rabi ce ta fara lura. Wata ranar Laraba na dawo daga makaranta na same ta tsaye a jikin katangar, ta yi shiru kamar mai sauraro. Da ta juyo sai ta rage murya.

"Malam, kwana nawa rabon da ka ji daka a gidan Yaya?"

Na ce ban kula ba.

"Ni na kula. Yau kwana tara. Tukunyar nan ruwa ne da tafasa. Matarsa Yaya Asabe tana hura wutar ne kawai don kada a ga gidan ba hayaƙi."

Na ce ta cika akushi da tuwo ta kai. Ta kai, ba a jima ba ta dawo da shi yadda ta tafi da shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Wai Yaya ya ce a gaishe ni, sun riga sun ci. To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da na ga akushin nan ya dawo, wani sanyi na ji a raina. Astagfirullah. Ni ina da hatsi. Tun da kaka hedimastanmu ya ba ni shawara na juya albashina na sayi dammunan gero na ƙara a kan ɗan abin da na noma, kuma a lissafina zai kai mu sabon hatsi har da ɗan saura. Gidana mu huɗu ne, har da ƙanwar Rabi da ke hannunmu. Gidan Yaya mutum goma sha biyu. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai na hau rumbu na leƙa, in ƙirga dami, in raba da huɗu, in sake rabawa da goma sha shida, in sauko. In na haɗa mu, babu wanda zai kai. Haka lissafin ya ce, ni kuma na riƙe shi da hannu biyu domin ya yi min daɗi. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in ji alli ya tsaya, hankalina yana wancan gefen katanga.

Ana cikin haka labari ya zo cewa gwamnati za ta raba hatsin agaji, amma ba zai isa kowane gari ba, wani jami'i ne zai zaga ya ga inda abin ya fi tsanani. Dagaci ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure ya yi tagumi.

"Malam Sule, ka ji abin da ya faru da mutanen ƙauyen gabas? Mutumin nan ya je, ko zama bai yi ba, ya tambaye su yaya gari. Suka ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Ya rubuta da sauƙi, ya shiga motarsa. Ranar Litinin mai zuwa mu ne. Kai ne mai boko, ka rubuto mana halin da kowane gida yake ciki."

Wallahi da na fito daga zauren nan ji na yi kamar an sauke min kaya. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo mafita: gwamnati ta ciyar da Yaya, rumbuna ya zauna lafiya. Ban faɗa da baki ba, amma abin da ke zuciyata ke nan. Na ɗauki littafin rubutu na tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ina bin magidanta ɗaya bayan ɗaya, wai ni ma'aikaci. Kun san mutanenmu. Namiji zai gaya maka matarsa ba lafiya, zai gaya maka jakinsa ya mutu, amma abin da ke cikin rumbunsa tsakaninsa da Allah ne. Wannan ya ce akwai rufin asiri, wancan ya ce ana lallaɓawa, wani ma ya kalle ni sheƙeƙe ya wuce. Da na zo kan Yaya, a gaban mutane, da biro a hannuna, sai ya yi murmushi.

"Sule, har da ni za ka rubuta? To rubuta alhamdu lillahi."

Aka yi dariya, ni ma na taya su. Na koma gida da shafi biyu, gida arba'in da uku, gaban kowane suna alhamdu lillahi. In na miƙa wa jami'i wannan, ko gaisuwa ba zai tsaya mu ƙarasa ba. Saura kwana biyar. Na rasa inda zan sa kaina.

Mahaifiyarku ce ta kawo dabara. Kun san ta da kitso, duk matan garin kansu ya bi ta hannunta. Ta ce maza ba za su faɗa ba, amma mata su ne suke sussuka, sun san abin da ya rage har zangarniyar ƙarshe, kuma mace in kanta yana kan cinyarka babu abin da ba za ta gaya maka ba. Ta ɗauki tsinken kitsonta ta fara daga gidan liman da ke jikin masallaci, ta bi gida gida har ƙarshen gari, kwana uku. Ba ta yaudari kowa ba. Ta gaya musu dalili, suka ce sun yarda da sharaɗi guda, kada sunan gidan kowa ya hau takarda, don in mazajensu suka ji, wata aurenta ma na iya girgiza. Rabi ta rantse musu, ni ma na rantse mata. In ta dawo sai ta zauna a bakin murhu ta karanto min da ka: gidan liman mako shida, gidan da ke biye mako huɗu, haka har ta gama na ranar. Da ta zo kan gidan Yaya sai ta nuna min yatsu uku. Na ce mako uku? Ta girgiza kai. Kwana uku, shi ma ragowar iri ne da Yaya Asabe ta ɓoye saboda ƙananan.

Yanzu ga gaskiya a hannuna, ga rantsuwa a wuyana, ga mutumin da ba ya zama balle ya yi karatu. Sai na tuna da wani malaminmu a kwalejin horon malamai wanda yakan zana sanduna a allo, ya ce ido ya fi kunne saurin ganewa. Ba ni da takarda babba, allin makaranta ma a ƙirge yake. Ina tsaye a tsakar gida idona ya kai kan dangar karan dawa da ta kewaye turken akuyarmu, akuyar ma an sayar. Na zare karare masu ƙwari, na ɗauko wuƙa. Na ce kowane gida kara ɗaya, kowane mako na abinci taƙi ɗaya. Mai mako shida, karansa taƙi shida. Na samo gora biyu dogaye na shimfiɗa a ƙasa, ina yankan kara ina ɗaurewa a jiki da igiyar rama, gindinsu duk a layi ɗaya. Sannan na lissafa makonnin da suka rage kafin a ci tumu, wato sabon geron da ake fara gasawa, in Allah ya ba da damina, na ja jan zare a daidai wannan tsayin daga wannan gefe zuwa wancan. Duk karan da bai kai zaren ba, gidan zai ƙare kafin sabon hatsi. Da na ɗaga abin na jingina a bango na ja da baya, sai na bi jerin da ido. Kara biyar ne kawai suka taɓa zare. Ko jariri ya kalla ya san garin nan yana cikin wani hali. Ba zan ɓoye muku ba, har wani alfahari na ji yana taso min.

Rabi ta fito daga ɗaki ta tsaya a bayana, ta daɗe tana kallo.

"Malam, yadda na bi gidajen haka ka jera su."

Na ce eh mana, ai babu suna.

"Ka warware ka gauraya su. Don Allah ka gauraya."

Na ce in na gauraya, ranar da hatsi ya zo ta yaya zan san na wa ne gajere? Kuma ɗauri arba'in da uku ne, hannuna duk ya yi kanta, gobe Litinin. Na ce mata kara ne fa, kara, wa zai tsaya ƙirga kara? Ta ce ita dai gabanta yana faɗuwa. Na ce ke kullum gabanki faɗuwa yake, ki bar wa masu aikin aikinsu. Wannan maganar na faɗa wa matar da ta yi kwana uku tana yawo da yunwa a cikinta don ta samo min abin da na kasa samowa. Ta ɗauki Kabiru ta shige ɗaki.

Litinin tun da hantsi magidanta suka taru a gindin tsamiyar ƙofar dagaci. Na sa aka kama min muka kai abin, na rufe shi da tsohon zane, muka jingina a bangon zaure. Aka yi azahar babu mota. Ni dai zufa kawai nake yi, ina tashi ina zama, ina tunanin ko ya bi ta wata hanya, ko an ce masa garinmu da sauƙi. Yaya yana zaune a sahun gaba kusa da liman, inda yake zama kullum, da farar rigarsa wankakkiya. Na lura wuyan rigar ya yi masa yawa. Sai wajen la'asar muka ji ƙugin mota. Jami'in ya sauko, wani siriri mai tabarau, da ganinsa ya gaji liƙis, ya ƙi ko tabarma. Ya ce wa dagaci yana da gari uku a gaba kafin rana ta faɗi. Dagaci ya dube ni. Na je na yaye zanen, na yi bayani a cikin numfashi ɗaya: kara gida ne, taƙi mako ne, jan zare ranar sabon hatsi.

Mutumin ya cire tabarau ya matso. Ya bi jerin da ido daga farko har ƙarshe, ya dawo. Ya ce ikon Allah. Ya ce tun da ya fara zagayen nan ba a taɓa nuna masa abu ƙarara haka ba. Ya juya ya ce wa direbansa ya kashe mota, ya nemi tabarmar da ya ƙi ɗazu, ya zauna ya fara rubutu. Dagaci ya sauke ajiyar zuciya har ina ji. Na ce a raina, Sule ka gama.

Sai na lura wurin ya yi tsit, irin shirun da ba na jin daɗi ba. Na juya. Babu mai kallon jami'i, kowa bango yake kallo. Baba Tanko wanzami, wanda ya yi shekara arba'in yana bin gidajen garin nan da zabirarsa, leɓensa yana motsi, yatsansa yana tafiya a iska. Ina iya karanta bakinsa: gidan liman, gidan Audu, gidansa shi kansa, gidan maƙera. Innalillahi. A garin da yaro ɗan shekara biyar zai jero maka gidaje daga masallaci har bakin rijiya ido a rufe, ni na ɗauka don ban rubuta suna ba na rufa asiri. Kowa ya nemo nasa ya gani, sannan ya dubi na maƙwabcinsa. Daga nan idanu suka taru a wuri ɗaya. Kara na bakwai bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da kyar ma igiya ta kama shi. Na takwas kuwa, a jikinsa, ya wuce jan zare har da ɗoriya. Ni na yanka su da hannuna, na ɗaure su kusa da juna, na kwana da su a gidana, amma wallahi sai a lokacin na gan su. Na bakwai gidan Yaya. Na takwas gidana.

Babu wanda ya kalli Yaya. Da ma sun kalle shi da ya fi sauƙi. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa, mutanen da bara suka cika buhu a rumbunsa. Jami'in bai san abin da ake ciki ba, baƙo ne. Ya miƙe ya sa bironsa a kan guntun karan.

"Wannan gidan wa ne? Da shi za a fara. Wannan ba zai jira mako mai zuwa ba."

Dagaci ya hau gyaran rawani. Jami'in ya sake tambaya. Sai na ji motsin riga, Yaya ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa.

"Ranka ya daɗe, nawa ne."

Ya juyo ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, abin da ya fi kashe ni ke nan.

"Malam ya iya aiki," in ji shi.

Tun da aka haife ni Sule yake ce min. Daga ranar har ya koma ga Allah, Malam. Ya sa takalmansa ya ratsa mutane ya tafi gida, ba sauri ba nawa.

Hatsi ya zo, ba zan rage wa abin daraja ba. Bayan kwana huɗu babbar mota ta sauke buhuna a ƙofar dagaci, aka ƙara wani bayan wata guda, kuma a garinmu ba mu binne kowa saboda yunwa ba a shekarar. Shi ya sa har yau ake ce min Mai Kara. Amma abin da ya biyo baya a cikin gidaje ba a sa shi a labari. Magidanta suka gane daga ina maganar ta fita, aka yi ta rigima, mace biyu sai da suka yi yaji. Matan garin suka daina kawo wa Rabi kitso, fiye da shekara babu wadda ta ɗora kai a cinyarta, a gidan biki in ta zauna sai a matsa. Ta rantse musu da Allah, ni na karya mata. Ba ta taɓa ce min ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya.

Yaya ya karɓi buhunsa saboda yara. Da kansa ya zo ya ɗauka a ka, ya ƙi a taya shi. Ya daina zama a sahun gaba, ya daina tsayawa hira a ƙofar masallaci, in an sallame sai ya zame. Na aika da dami biyu bayan abin ya faru, aka dawo da su. Na shiga da kaina, ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka shimfiɗa min tabarma kamar baƙo, muka yi maganar ruwan sama har na gaji na tashi. Damina ta yi dama-dama. Da aka gama girbi sai ya ba da aron gonakinsa, ya kwashe iyalinsa ya koma wajen madatsar ruwa ta Watari, inda aka fara noman rani. Mutumin da yake kiran gayya, ya koma yi wa wasu ƙwadago a fadamar albasa.

Sai da na yi shekara biyu kafin na iya bin sa. Na hau mota, na ƙarasa da ƙafa, na same shi a cikin fadama yana ba albasa ruwa, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya fito muka zauna a kan kunya. Na tsara maganata tun daga gida, har da yadda zan fara. Na ce Yaya ka yafe min, ban yi don in tona maka asiri ba, kuskure ne na jeri, da na gauraya karan da babu wanda zai gane. Ya bar ni na gama tsaf. Yana ta murza ƙasa a tafin hannunsa.

"Malam, kai har yanzu maganar kara kake yi."

Na ce to ai na tambaye ka, Yaya, ka ce alhamdu lillahi. Na aiko da tuwo ka mayar.

"Ka tambaye ni a ƙofar masallaci, da biro a hannunka. Ka aiko mace da akushi, da rana tsaka, ana kallo. Me kake so in ce? Ni da na goya ka." Ya watsar da ƙasar hannunsa. "Kwana tara ina jiran ka shigo kai kaɗai, ka zauna, ka ce Yaya rumbun nan namu ne. Ba lallai ma in karɓa ba. Ji kawai nake so in yi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Malam, sai ka zagaya ta Kano ka kira min gwamnati."

Na buɗe baki in ce masa lissafi ne, mutum goma sha shida, babu wanda zai kai. Sai na fasa. Ya ce ya yafe min duniya da lahira, kuma na san da gaske yake, ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Ya sa aka cika min buhu da albasa, ya raka ni har bakin titi. Amma bai dawo ba, kuma a can aka binne shi.

Bilkisu, aikinki mai kyau ne, ban hana ki ba. Ki dai riƙa tunawa, in kin ga guntun sanda a allonki, wani yana can ya san nasa ne. Kabiru, kai ne babba. In na mutu, ko ma kafin nan, ka ɗauki wannan babi ka kai Watari ka karanta wa 'yan'uwanka, kada ka tsallake ko layi ɗaya, har da wanda zan rubuta yanzu, wanda ban iya gaya wa babansu ba a kan kunyar nan.

Ranar da muka ci tumu a shekarar, na hau rumbuna na leƙa in ga yadda lissafina ya ƙare. Dami tara ne suka rage, ba a taɓa su ba. Na ƙirga sau biyu.